Gaggawar Malam Nu'uman da Muryar Baba Daudu

Akwai wani malamin makaranta a Batsari, sunansa Malam Nu'uman. Lissafi yake koyarwa a wata sakandare da ke bakin gari. Ba ya fashin aiki, ba ya cin haƙƙin ɗalibi, kowa ya shaide shi a kan haka. Matsalarsa guda ce: ba ya son a ga gazawarsa. In kuwa ya ƙudurta abu a ransa, ko limamin unguwa aka ɗauko ba zai saurara ba.

A shekarun nan gajiya ta yi masa rubdugu. Tun da mutanen ƙauyukan gefen Ruma suka fara tururuwa zuwa cikin gari saboda 'yan bindiga, ajinsa ya cika ya batse. Wasu yaran a kan benci, wasu a ƙasa, wasu suna leƙe ta taga. Kullum zai dawo gida muryarsa a dushe, ƙafafunsa kamar ba nasa ba, ga tulin takardun jarrabawa ɗaure a bayan babur suna jiran jan biro.

Abin da ya fi ƙona masa rai kuwa ita ce kwamfutarsa.

Wata tsohuwar laftof ce da ya saya ta hannu tun yana ɗalibi a kwalejin ilimi. Batirinta ya daɗe da mutuwa, ba ta tashi sai an jona ta da wuta. Marfinta ya tsage, an ɗaure shi da salatif. Windows 7 ce a kanta, ga tarkacen shekaru, ga ƙwayoyin cutar da ta kwaso daga filas ɗin mutane. Idan ya kunna ta, sai ya je ya yi alwala, ya yi sallah, ya dawo ya tarar da ɗan zoben nan yana ta juyawa a allo. Sau da yawa kafin ta gama farkawa an ɗauke wuta.

Matarsa Mahfuza, 'yar Zakka ce ta ƙasar Safana, ita kam ba ta taɓa jin haushin kwamfutar ba. Akwai dalili.

Mahaifinta, Baba Daudu, manomi ne kuma makiyayi. Tun ranar da aka kore masa shanu bai ƙara samun lafiya ba, har Allah ya karɓi abinsa. A cikin kwamfutar nan akwai hotunansa, akwai kuma wani bidiyo da aka ɗauka ranar sunan 'yarsu Zahra'u. A ciki tsohon yana zaune kan tabarma da jaririyar a cinyarsa, yana tsokanarta yana cewa ya yi sabuwar mata, sannan ya ɗaga hannu ya yi mata doguwar addu'a. Wayar da aka ɗauki bidiyon da ita tuni aka zare ta daga aljihun Malam a kasuwa. Saura na cikin kwamfuta kawai.

Duk lokacin da kewar Baba ta taso wa Mahfuza, sai ta roƙi mijinta ya kunna mata. Za ta shimfiɗa tabarma, ta ɗora Zahra'u a cinya, su zauna suna jiran kwamfutar ta gama nawarta. Ba ta taɓa ƙosawa ba. Shi kuwa Malam da zarar ya danna musu sai ya ɗauki takardunsa ya koma zaure.

Ana nan sai aka kawo sabon tsari a makarantarsu. Aka ce daga yanzu kowane malami ta intanet zai shigar da sakamakon ɗalibansa. Malamai suka yi ta yi, masu waya mai kyau da masu kwamfuta. Shi kuwa Malam Nu'uman, duk yadda ya yi kwamfutarsa ta ƙi buɗe shafin. Sai ta yi ta nishi, fankar cikinta tana ƙara, daga ƙarshe ta rubuto masa cewa abin da yake buɗe intanet da shi ya tsufa.

Ranar Alhamis a taron malamai shugaban makaranta ya kira sunansa a gaban kowa.

"Malam Nu'uman, kai kaɗai muke jira. Malamin lissafi guda a ce shi ne ya rasa yadda zai yi da na'ura? In ba ka shigar ba zuwa ranar Laraba, sunanka zan aika sama, ba ruwana."

Wasu matasan malamai suka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Ba wani abu ba ne, amma Malam ya ji ta har cikin ƙashinsa.

Bayan an tashi, Malam Abdulgaffar mai koyar da kwamfuta ya ja shi gefe. Abokinsa ne, tare aka kawo su makarantar.

Ya ce, "Kada ka sa abin a ranka. Kwamfutarka ba mutuwa ta yi ba, sabon Windows take so. In muka share ta tas muka ɗora mata Windows 10, muka ɗan ƙara mata ƙarfi, za ta yi maka aikin nan. Ga shi ma a filas ɗin nan."

Malam ya miƙa hannu. "Kawo in ɗora yau."

"A'a, dakata. Gobe zan tafi Katsina ganin gida. Zan taho da babbar ma'ajiya ta waje, mu fara kwashe duk abin da ke cikinta tukuna. Ranar Litinin mu zauna mu yi tare, kafin Laraba ka gama. Riƙe filas ɗin dai, amma don Allah kada ka taɓa komai sai na dawo."

Malam ya ce to. Amma a hanyarsa ta gida ba abin da yake ji a kunnensa sai dariyar matasan malaman nan. Ya ce a ransa, wai ni za a zaunar a koya wa kamar ɗan aji ɗaya? Ranar Litinin ɗin ma a ofishin malamai za a yi, kowa yana kallo.

Washegari Juma'a, ana saukowa daga masallaci sai ga wuta an kawo, bayan an kwana biyu ba a gan ta ba. Malam ko riga bai cire ba ya ɗauko kwamfuta ya jona. Ya ɗauko ɗan ƙaramin filas ɗinsa ya kwashe tambayoyin jarrabawa, da makin ɗalibai, da takardunsa na aiki. Da ya zo kan hotuna da bidiyo sai filas ɗin ya ce ya cika.

Mahfuza tana bakin ƙofa da ludayi a hannu.

"Malam, ka kwashe hotunan Baba kuwa?"

"Suna can wani ɓangare daban. Ba abin da zai taɓa su."

"Da dai ka jira Malam Abdulgaffar ɗin, tun da ka ce ranar Litinin ɗin nan zai dawo. Ni gabana faɗuwa yake yi."

Ya ɗago kai a fusace. "Mahfuza, tun kafin in san ki nake riƙe da kwamfutar nan. Me kika sani a kanta? Je ki duba tukunyarki."

Ta tsaya jim. Sai ta juya ta koma madafa.

Da farko abin ya tafi daidai. Can sai ya iso wani wuri inda aka jero masa ɓangarorin ma'ajiyar kwamfutar, ba sunaye, sai lambobi. Ya zaɓi ɗaya, ta ƙi. Ya zaɓi wani, ta sake ƙi, ta rubuto wani dogon Turanci. Ya ɗauki wayarsa ya bincika, ya ga wani mutum a bidiyo yana cewa maganin abin mai sauƙi ne, a goge ɓangarorin gaba ɗaya a mayar da su guda.

Hannunsa ya tsaya a kan madanni. Wani abu a ransa ya ce masa, bari. Daidai lokacin ƙwan ɗakin ya yi ƙyaf-ƙyaf kamar za a ɗauke wuta. Ya danna. Wani gargaɗi ya fito, bai karanta shi har ƙarshe ba, ya sake dannawa. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Nan take aikin ya kama tafiya.

Kafin la'asar sakaliya sabon Windows ya hau. Kwamfutar da a da sai an yi sallah kafin ta tashi, yanzu kafin ya gyara zama ta buɗe. Shafin makaranta ya fito tar. Malam ya yi wata ajiyar zuciya da ya daɗe bai yi irinta ba. Ranar Asabar ya wuni a kanta, ya shigar da makin ɗalibansa kaf, ya cika ta da sababbin manhajoji da littattafan koyarwa da ya karɓo wurin wani maƙwabci. Har ya fara shirya abin da zai faɗa a ofishin malamai.

Ranar Lahadi da hantsi Zahra'u ta zo ta rataye a wuyansa. Lokacin ta kusa shiga firamare.

"Abba, Umma ta ce kwamfuta ta warke. A kunna mana Kaka."

Mahfuza ta shimfiɗa tabarma kamar yadda ta saba.

Malam ya buɗe inda hotunan suke zama. Wayam. Ya duba wani wurin. Wayam. Ya rubuta "Baba" a wurin nema, ya rubuta "suna", ya rubuta "Zahra'u". Kwamfutar da a da take ɓata rabin wuni kafin ta amsa, yanzu cikin ƙiftawar ido take ce masa babu.

Gumi ya karyo masa.

Mahfuza ba ta tambaye shi ba. Fuskarsa kawai ta kalla ta gane. Ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," a hankali, kamar ranar da aka aiko da rasuwar. Ta tashi ta naɗe tabarmar, ta kama hannun 'yarta suka fita tsakar gida.

Ranar Litinin Malam Abdulgaffar ya dawo da ma'ajiyar da ya yi alkawari. Da ya ji abin da ya faru bai yi faɗa ba, kai kawai ya girgiza. Suka kulle kansu a ɗakin kwamfuta bayan an tashi yara, ya yi duk dabarar da ya sani. Abin da ya fito ba daɗin gani. Wani hoton rabinsa toka-toka, wani ƙafafun mutane kawai, wani ya ƙi buɗewa sam. Bidiyon kuwa ko alamarsa.

Ya ce, "Da a ce kana gogewa ka kashe ta ka jira ni, da wataƙila mun ceto da yawa. Amma abubuwan da ka yi ta zubawa sun hau kan wurin. Ka yi haƙuri, Nu'uman. Nan ƙarfina ya tsaya."

A makaranta shugaba ya yaba masa a gaban kowa don ya gama kafin wa'adi. Malam ya ji yabon kamar ana zuba masa yashi a baki.

A gida kuwa ba a yi rigima ba, kuma da an yi da ya fi masa sauƙi. Mahfuza tana dafa abinci, tana gaishe shi, tana yi masa sannu da zuwa. Sai dai hirar da ta saba yi masa idan yana cin abinci ta ɗauke. Wani lokaci zai gan ta zaune da tsintsiya a hannu ta yi shiru tana kallon bango. Ita kuma Zahra'u kullum sai ta tambaya, "Kaka ya dawo cikin kwamfuta?"

Malam ya fara nema. Ya je wurin mai hoton da aka ɗauko ranar suna, aka ce ya daɗe da rufe shago ya koma Kano. Da ya same shi a waya, mutumin ya ce ai ba ya ajiye aikin da ya wuce shekara. Ya bi abokansa da suka halarci sunan. Wannan ya ce wayar ta lalace, wancan ya ce ya sayar, wani ya ce an ƙwace tasa a hanyar gona. Kullum sai ya dawo gida a gajiye fiye da jiya, hannu rabbana.

Da ya ga ba sarki sai Allah, wata Asabar ya shirya zuwa Zakka wurin surukarsa, Inna Hansai.

Hanyar nan yanzu ba a bin ta yadda aka ga dama. Sai da ya tsaya a tasha ya tambayi direbobi yaya hanya, aka ce da sauƙi yau, sannan ya bi bayan wata motar 'yan kasuwa. Ko'ina ya duba gonaki ne da ciyawa ta cinye, da gidajen da aka bari ba ko kaza.

Ya tarar da Inna tana ɓarar gyaɗa a inuwar rumbu. Ya durƙusa suka gaisa, ta tambayi Mahfuza, ta tambayi 'yar jikarta, ta tambayi makaranta da mutanen gari, ta sa aka kawo masa fura. Sai da ya sha sannan ya iya faɗin abin da ya kawo shi.

Tsohuwar ta ajiye gyaɗar da ke hannunta.

Ta ce, "Ni dai, Malam, ba ni da hoto. Wayata ka gan ta, ta kira ce da haska ɗaki. Ni nawa hoton shina nan cikin kaina, shekara nawa muna tare. Amma ɗiyata tun tana ƙarama ba ta da kamar babanta. Ka je Safana wurin yayanta Bashar. Shi ne mai ɗauke-ɗauken nan."

Malam ya kawar da kai. Wurin da yake gudu kenan tun farko.

Bashar shi ne babban wan Mahfuza. A zaman makokin Baba Daudu, Bashar ya faɗa wa dangi cewa zai sayar da 'yan tumakin da suka rage da bijimin noma, ya koma Safana ya sayi babur ya riƙa haya. Malam Nu'uman bai bari ya rufe baki ba ya ce a gaban jama'a, "Ƙasar kabari ba ta bushe ba za ka watsar da gumin tsoho? Wannan ai rashin tunani ne." Daga ranar Bashar bai sake taka gidansu a Batsari ba, kuma Malam bai taɓa neman sa ba.

Inna ta dube shi ta gefen ido. "Mi kake tsoro? Ai ba cin mutane shikai ba."

Rana ta take sosai lokacin da ya isa Safana. Ya sami Bashar a inda 'yan haya suke tsayawa, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro kusa da tasha. Ya yi sallama. Bashar ya amsa a taƙaice, ko hannu bai miƙo ba. Kafin Malam ya buɗe baki wata mata ta zo da buhu, Bashar ya ɗauke ta ya tafi. Ya dawo, ya sake ɗaukar wani. Malam yana tsaye. Ba wanda ya ce masa ga wuri. Ƙafafunsa suka yi nauyi, yunwa ta fara cin sa, sau biyu yana kama kan babur ɗinsa zai tafi, sai ya tuna Mahfuza da tsintsiya a hannu, ya fasa.

Sai da aka kira azahar Bashar ya kashe babur ya zo.

"To, Malam. Lafiya dai?"

Malam ya cire hularsa ya share gumi. "Yaya Bashar, abu biyu ya kawo ni. Na farko, maganar da na faɗa maka ranar makoki. Na ci mutuncinka a gaban mutane, kuma kai babba ne gare ni. Ka yafe mini don Allah. Na biyu kuma, na yi wa ƙanwarka ɓarna."

Ya kwashe labarin kaf ya faɗa masa, bai rage komai ba, har da maganar tukunya.

Bashar ya ji shi har ƙarshe yana wasa da makullin babur.

Ya ce, "Ka san abin da ya sa na sayar da dabbobin nan? Baba da bakinsa ya ce in sayar, yana kwance. Ya ce muddin akwai dabba a gidan, mutanen nan za su dawo, kuma ba ya son su tarar da Inna. Da ka ja ni gefe ka tambaye ni, da na faɗa maka. Amma kai ba ka tambaya, Malam. Kai dai ka ga abu, ka yanke."

Malam ya sunkuyar da kai.

"Mu je mu yi sallah," in ji Bashar. "Daga nan mu wuce gida. Ba don kai ba fa, don Mahfuza."

Bayan sallah ya kai shi ɗakin da yake haya. Matarsa ta kawo musu ɗanwake, Bashar ya tura masa kwanon ya ce ya ci, ai ya ga alamar tun safe bai sa komai a ciki ba. Sannan ya jawo wata akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya tono wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, ya zare mimorinta ya sa a tasa.

Suka yi ta dubawa. Hotunan babura ne, da na abokai, da na wani ɗaurin aure. Na ranar suna babu ko ɗaya, don a ranar Bashar yana wurin yanka da rabon nama. Malam har ya fara cire rai, sai Bashar ya ce, "Tsaya."

Wani ɗan guntun bidiyo ne da ya ɗauka a gona, daminar Baba ta ƙarshe. Geron da ya yi kyau yake ɗauka don ya nuna wa wani abokinsa. Can gefe sai ga tsohon ya gifta, ya ba da baya, da fartanya a kafaɗa. Ya waiwayo ya ce, "Kai Bashar, aje wannan abin ka zo ka kama mani, hadari na tahowa." Ya yi tari, ya yi dariya. Shi kenan, bidiyon ya ƙare.

Bashar ya juya fuskarsa wajen bango na ɗan lokaci. Shi kansa ya manta da shi.

Malam ya miƙa hannu zai karɓi mimorin. Bashar ya janye.

"A'a. Wannan kam ba zan ba ka ba. Kawo wayarka in tura maka."

A karo na farko a ranar suka yi dariya tare, gajeriya. Da zai tafi Bashar ya rako shi har bakin titi, ya ce ya kama hanya tun da sauran rana, ya kuma gaya wa Mahfuza yana nan zuwa ranar kasuwar Batsari.

Malam ya iso gida gab da magariba, jikinsa duk ciwo. Ya tarar da Mahfuza tana kwashe shanya. Ya ce ta zauna, ya zauna a ƙasa kusa da ita, abin da bai saba yi ba.

"Na je Zakka, na je Safana wurin Yaya Bashar. Abin da na goge ban same shi ba, kuma ba zan same shi ba. Ga ɗan abin da na samo. Ki yafe mini, Mahfuza. Kin faɗa mini, na ƙi ji, har na yi miki gatse."

Ta ce, "Ka je wurin Yaya? Kai da kanka?"

Ya ɗaga kai.

Ta karɓi wayar. Da tsohon ya waiwayo ya yi magana sai ta dafe bakinta. Da ya yi tari ta ce, "Tarinsa ne. Wallahi tarinsa ne." Ta sake kunnawa. Ta sake. Hawaye yana zuba ba ta share ba.

Da ta natsu ta ce, "Na yafe maka tun ranar, Malam. Kuskure kowa yana yi. Abin da ya tsaya mini a rai ba gogewar ba ce. Da ka ga wuri ya yi kaɗan, naka ka kwashe, ka bar nawa."

Maganar ta shige shi fiye da duk abin da aka faɗa masa a ranar. Ya ce, "Haka ne."

Zahra'u ta shigo da gudu ta leƙa wayar. Ta kalla har ƙarshe, ta ɗago kai.

"Ina wurin da yake cewa ni matarsa ce? Ina wurin addu'ar?"

Mahfuza za ta yi magana, Malam ya riga ta. "Ni na goge shi, Zahra'u. Na yi gaggawa. Ba zai dawo ba."

Yarinyar ta taɓe baki za ta yi kuka. Sai uwar ta jawo ta ta ɗora a cinya, ta ce, "Zo in yi miki, ai na haddace."

Ta ɗaga hannu ta fara, tana kwaikwayon yadda tsohon yake jan magana. Allah ya raya ki bisa tafarkin Annabi. Allah ya sa ki ga jikokinki. Allah ya hore miki abin da za ki ci ki ba wani. Allah kada ya nuna miki ranar da za ki bar gidanki da gudu.

Nan ta tsaya. Ta rufe ido tana laluben abin da ke biye, ta maimaita na ƙarshen ko zai jawo sauran. Bai zo ba. Ta dubi mijinta ko zai tuna mata. Ya sunkuyar da kai. Shi bai taɓa zama ya saurari addu'ar har ƙarshe ba.

Ladan ya ɗaga murya daga masallacin unguwa.

Mahfuza ta ce, "To, sauran Allah ya riga ya ji shi tun daga bakin mai ita. Ku ce amin."

Suka ce amin, su uku, suka shafa.

Darasi: Gyaran da aka yi cikin gaggawa da girman kai yakan ci abin da ba a sayen sa a kasuwa. Kafin ka sabunta kwamfuta ko waya, fara kwashe abin da ke ciki ka adana a wani wuri, kuma ka tuna ba naka kaɗai ne a ciki ba. In na kusa da kai ya ce dakata, ka dakata ka ji dalilinsa. In kuma ka riga ka yi ɓarna, kada kunya ta hana ka takawa ka nemi yafiya, ko da ba duka za ka iya maidowa ba. 'Yan uwa, ku tura wannan labari ga wanda kuka san yana da muryar iyayensa a waya guda ɗaya tak, ya adana ta tun yau. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya kawo mana zaman lafiya a yankunanmu.